Abdullahin Gwandu da Shari'ar Ƙasa: Gadon da Sassan Hausa Suka Bari a Baya

A shekarar 2029 za a cika shekara 200 da rasuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Tun yanzu ana iya hasashen irin maƙalun da za a gabatar idan lokacin ya zo: Abdullahi mai tafsiri, Abdullahi masanin nahawu, Abdullahi mawaƙi, Abdullahi jagoran rundunar Tabkin Kwatto a 1804. Duk ya cancanci waɗannan laƙubba. Sai dai akwai wani Abdullahi da mu manazarta Hausa ba mu cika waiwaya ba, wato fakihin da ya zauna ya rubuta hukunce-hukuncen mallakar ƙasa. A ganina wannan fanni na rayuwarsa ya fi kowanne kusa da abin da ke hana manomi da makiyayin Jigawa barci a yau, kuma sassan Hausa na jami'o'inmu suna da alhaki a wuyansu game da shi.

An haife shi wajen 1766 cikin zuriyar Toronkawa. A littafinsa Ida'un Nusukh, inda ya jera malamansa, ya bayyana cewa mahaifinsa ne ya karantar da shi Alƙur'ani, sannan ya danƙa shi ga yayansa Shehu Usmanu yana ɗan shekara 13. Toronkawa gidan malanta ne, amma zamansu na karkara ne. Harshensu ɗaya da na makiyaya, kuma Ɗegel inda ya taso ƙauye ne da ke nesa da fadar Alƙalawa. Ya bi Shehu yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, inda masu sauraronsu suka haɗa da manoma Hausawa da Fulani masu shanu. Wanda ya girma a irin wannan wuri ba sai littafi ya gaya masa cewa rijiya da makiyaya da iyakar gona suna haddasa husuma ba.

Wajen 1807, bayan da halayen wasu daga cikin jama'ar jihadi suka ɓata masa rai, ya bar runduna da niyyar tafiya Makka. Da ya iso Kano sai mutanenta suka roƙe shi ya tsaya. A nan ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake gudanar da mulki da shari'a. Ƙasar Kano ta wancan zamani ta haɗa da Dutse da Birnin Kudu da Ringim. Ke nan mutanen tsakiyar Jigawa suna da rabo na kai tsaye a cikin wannan gado.

Littafin da ya fi shafar batunmu shi ne Ta'alimur Radi fi Asbabil Ikhtisasi bi Mawatil Aradi. Sunansa kaɗai ya isa ya nuna tambayar da ya ɗauko: da wane dalili ne mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita? Mazhabar Malikiyya da ya bi, kamar yadda take a Muhtasar na Halil, ta san hanyoyi sanannu. Akwai rayar da matacciyar ƙasa, ta hanyar share daji ko huɗa ko gini ko dashen itace ko fito da ruwa. Akwai yankar fili da shugaba ke yi ya ba wani. Akwai harimi, wato filin da gari ke buƙata domin itacen girki da kiwon da za a fita da safe a dawo da maraice, haka nan filin da ke kewaye da rijiya. Akwai kuma keɓe fili da shugaba ke yi domin maslahar jama'a, bisa sharaɗin ya kasance da buƙata kuma kada ya ƙuntata wa mutane. Daga tushen kalmar harimi ne Hausa ta sami hurumi, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ake nufi da hurumin gari.

Hukunci biyu na wannan babi sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, kewaye fili da shinge kaɗai ba ya zama rayarwa, saboda haka ba ya mallakar wa mutum ƙasa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama hedikwata, gonakin da ke kewaye da ita suke ta komawa fulotai. Mai wucewa ta bayan gari zai ga filaye da aka zagaye da bulo aka bari shekara da shekaru ana jiran farashi ya tashi, alhali wanda ya gaji noman wurin ya koma ƙwadago. Na biyu, kiwo a fili ba ya mallakar wa makiyayi shi, haka ma haƙa rijiyar shayar da dabbobi. Da farko mutum zai ɗauka an tauye makiyayi ne. Idan aka lura da kyau, an ɗora kariyarsa ne a kan haƙƙin tarayya: hurumi da mashaya da ciyawar daji na kowa ne, ba mai ikon sayarwa ko hanawa. Ma'anar haka ita ce ranar da aka daina girmama abin tarayya, makiyayi ba shi da sauran abin riƙewa.

Dokokin da suka biyo baya sun tafi ne ta wata hanya. Kwamitin da ya zauna a Landan a 1908 kan filayen Arewacin Nijeriya ya haifar da dokar 1910, wadda ta sa dukkan ƙasa a hannun Gwamna. Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta gaji wannan tsari, aka ƙara da dokar keɓe wuraren kiwo ta 1965. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda tsarin mulkin 1999 ya ba kariya ta musamman, ta danƙa ƙasar kowace jiha amana ga gwamnanta. Ta yarda ƙaramar hukuma ta ba da har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo ba tare da neman amincewar gwamna ba. Amma idan gwamnati ta karɓi fili, abin da ake biyan diyya a kansa shi ne gini da shuka da makamantansu. Burtali ba shi da gini, hurumi ba shi da shuka. A ma'aunin wannan doka kusan ba su da daraja, shi ya sa su ne na farko da ake ci idan ƙasa ta yi ƙaranci. Gwamnatin Jigawa ta kafa hukuma ta musamman domin sasanta manoma da makiyaya, amma duk kaka, idan garkuna suka gangaro daga arewa amfanin gona na yashe a fili, zaman ɗar-ɗar yakan dawo, wani lokaci har a rasa rayuka.

Na san abin da za a ce. Abdullahi ya yi rubutu ne a zamanin da daji ya fi mutane yawa, alhali ƙidayar 2006 ta nuna Jigawa na da mutum fiye da miliyan 4.3. Zamaninsa yana da bauta da gandayen sarauta. Haka kuma batun cewa ƙasar da aka ci da yaƙi tana hannun shugaba ya yi wa Turawa daɗi, domin da hujjar cin yaƙi Lugga ya yi iƙirarin gadon ikon sarakuna a Sakkwato a 1903. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba ina kira a ɗauko littafin ƙarni na 19 a mai da shi dokar jiha ba ne. Abin da nake cewa shi ne manomin Kiyawa da arɗon Jahun har gobe da waɗannan ma'anoni suke fahimtar haƙƙinsu, ko da ba su taɓa jin sunan littafin ba. Lauyan da aka horar da Ingilishi yana shiga kotu da wata fahimta dabam. Tsakanin biyun akwai rata, kuma ta harshe ce kafin ta zama ta doka.

A nan ne aikinmu yake. Hausa tana da taskar kalmomin ƙasa da kowace ke ɗauke da hukunci: gandu da gayauna, saura da sabon sara, aro da haya da jingina, fegi da kangon gida, burtali da labi, fadama da jigawa. Dattijon da ya ce gonar aro ce ba jingina ba, ya yanke hukunci ne a kan wanda zai gaje ta da abin da za a biya kafin a fanshe ta. Tafinta a kotu yakan murƙushe waɗannan bambance-bambance cikin kalmar Ingilishi guda, gona ta suɓuce wa marayu. Tun ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma'anonin da yawa sun gusa, kuma dattawan da suka san inda tsohon burtali ya bi, da gambar da aka dasa a matsayin iyaka, suna ta ƙarewa.

Ina ba da shawara uku. Ta farko, a fitar da Ta'alimur Radi da babukan da suka dace na Diya'ul Hukkam cikin ingantacciyar Hausa mai sharhi, aikin haɗin gwiwa tsakanin masana Larabci da Hausa da shari'a, a sa shi a hannun alƙalai da hakimai da dagatai. Ta biyu, jami'o'in da ke Jigawa, kamar ta Tarayya da ke Dutse da ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, su tura ɗalibai ƙauyuka su naɗo kalmomin ƙasa da tarihin hurumai daga bakin masu unguwanni da sarakunan noma da arɗaɗe, da Hausa da Fulfulde, har a sami ƙamus na musamman. Ta uku, fassarar shari'a ta zama darasi mai zaman kansa a sassanmu, maimakon a bar ta ga duk wanda ya iya harsuna biyu.

Mun sa sunan Abdullahi a ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma ya dace. Amma shi malami ne da mutanen Kano suka tare a hanya da matsalarsu, ya tsaya ya rubuta musu amsa. Idan muna son tunawa da shi yadda ya kamata kafin 2029, sai mu tambayi manomi da makiyayin Jigawa abin da ke damunsu, mu kai musu abin da muka sani cikin harshen da suke ji.