Sharhi: Yadda Ake Tsara Ziyarar Gandayen Namun Daji a Tanzaniya

Tanzaniya na cikin ƙasashen da suka fi keɓe fili domin namun daji a nahiyar Afirka, kuma duk wanda ya ƙuduri aniyar zuwa ganinsu yakan fara da buɗe taswira yana ƙirga gandayen da zai zagaya a cikin mako guda. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata irin wannan tafiya, domin dabbobin dawa ba sa zama wuri ɗaya suna jiran baƙo. Ruwa da ciyawa suke bi, kamar yadda makiyayi ke barin mashekari idan damina ta ɗauke. Saboda haka tambayar farko ita ce a wane wata za a tafi, sannan daga amsarta a zaɓi gandun da ya dace.

Arewacin ƙasar yana da damina biyu a shekara. Babbar tana sauka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da hanyoyin burji ke caɓewa har wasu masaukai su rufe, ƙaramar kuwa tana zuwa a Nuwamba da Disamba. Tsakanin Yuni da Oktoba rani ne, ciyawa ta bushe ta kwanta, dabbobi sun taru a bakin koguna, ganinsu ya yi sauƙi, amma a lokacin ne kuɗin masauki ke kaiwa ƙololuwa.

A gandun Serengeti, wanda aka kafa a 1951 kuma faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 15,000, wannan lissafi ya fi fitowa fili. A nan ne dabbar da ake kira nyumbu da harshen Suwahili, wata dangin gwanki mai gemu da ƙaho irin na shanu, take yin ƙaurarta ta shekara-shekara, fiye da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa da bareyi. Daga Janairu zuwa Maris garken yana filayen kudu, wajen Ndutu, inda gajeriyar ciyawa mai gina jiki take, kuma a nan ake haihuwa. Ɗan nyumbu yakan miƙe ya bi uwarsa cikin 'yan mintoci, alhali zaki da kura suna kewaye suna dakon wanda ya yi rauni. Idan damina ta ɗauke sai garken ya nausa yamma, ya ƙetare kogin Grumeti wajen watan Yuni, sannan ya doshi arewa, inda daga Yuli zuwa Oktoba yake ƙetare kogin Mara yana shiga Kenya yana dawowa. Ƙetarewar nan ita ce abin da yawancin baƙi suke biyan kuɗi domin gani: dabbobi su yi cirko-cirko a kan gaɓa na sa'o'i, ƙura ta turnuƙe, sai guda ɗaya ta yi tsalle ta faɗa ruwa, dubbai su bi ta, kadoji kuwa suna ƙasa suna jira. Babu jagoran da zai iya yin alkawarin ranar da hakan zai faru. Wanda ya ware kwana ɗaya tak ga arewacin Serengeti caca ya yi da kuɗinsa, wanda kuma ya je can a Fabrairu zai tarar da kogi ba garke.

Tafiyar takan fara ne daga birnin Arusha, bayan an sauka a filin jirgin sama na Kilimanjaro. Gandun Tarangire yana da nisan sa'o'i biyu zuwa uku a mota, kuma da rani babu wurin da ya fi shi giwaye a yankin, domin koginsa ne ruwan da ke saura. Ana ganinsu suna tona yashi da ƙafa da hanci, ga manyan itatuwan kuka da suka saɓule wa ɓawo. Akwai ƙudan tsando a wurin, kuma tun da baƙin tufa da shuɗi ne ke jawo shi, gara a sa kaya masu launin ƙasa. Tafkin Manyara ƙaramin gandu ne, yini ɗaya ya ishe shi.

Ngorongoro daban take. Wani tsohon dutse ne mai aman wuta da ya rufta, ya bar kwari mai zurfin kimanin mita 600 da faɗin murabba'in kilomita 260, inda dabbobi ke zaune duk shekara, kuma a nan ne aka fi sa ran ganin baƙin karkanda. An raba yankin da Serengeti a 1959 bisa tsarin cewa makiyayan Masai za su ci gaba da zama tare da namun dajin, hukumarsa ma daban ce da wadda ke kula da sauran gandayen, saboda haka kuɗin shigarsa daban ne ko da ratsawa kawai za a yi. A 'yan shekarun nan gwamnati tana mayar da iyalan Masai zuwa Msomera a yankin Tanga, a 2022 kuma an yi arangama a Loliondo kan filin kiwo. Ya dace baƙo ya san da wannan, ya kuma tambayi kamfanin da zai ɗauke shi ko mutanen wurin suna cin moriyar kuɗin da ya biya.

Nisa ma abin lura ne. Daga Arusha zuwa Seronera, tsakiyar Serengeti, tafiyar kusan yini ce, rabinta a kan hanya mai gargada, kuma ba a yarda a yi tuƙi cikin gandu bayan faɗuwar rana ba. Ana lissafa kuɗin shiga ne da sa'o'i 24, don haka jagora nagari yakan daidaita lokacin shiga da na fita domin kada a biya kwana na banza. Mai mako guda gara ya tsaya kan gandaye uku ya ba Serengeti dare uku, da ya cusa biyar ya ƙare hutunsa a kujerar Land Cruiser.

Matafiyi daga Najeriya ko Nijar yana da ƙarin shiri. Ba a ba shi biza a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida da makonni, kuma za a nemi katinsa na rigakafin shawara. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro yana da muhimmanci, ledar zuba kaya kuwa an haramta ta a ƙasar tun 2019.

Wanda ba ya son cunkoson motoci yana da kudancin ƙasar, inda gandun Ruaha yake da zakuna da giwaye masu yawa, da kuma gandun Nyerere da aka yanko daga gandun Selous a 2019, inda ake shiga kwalekwale a kogin Rufiji ana kallon dorina da kada daga kusa. Daga Darussalam ake zuwa waɗannan biyun, galibi da ƙaramin jirgi, saboda haka tafiya ce mai zaman kanta da ke buƙatar nata makon da nata kasafin.