Ciwon kan yara: Sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro?

Da zarar zafin bazara ya kankama a yankin Funtuwa da Malumfashi na kudancin jihar Katsina, ma'aikatan lafiya kan shiga tsaka mai wuya idan aka kawo masu yaro yana kukan ciwon kai, jikinsa kuma ya yi zafi.

Da waɗannan alamu zazzaɓin cizon sauro ke farawa, da su kuma sanƙarau ke farawa. To amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanƙarau na iya kisa cikin sa'o'i 24, kuma kusan mutum ɗaya cikin shida da suka kamu da nau'insa mai tsanani kan rasa ransa.

Don haka rayuwar yaro daga ƙauyukan Bakori ko Ƙafur na iya rataya a kan wanda ya fara duba shi, walau mai kemis, ko jami'in ƙaramin asibiti, ko likita a babban asibiti.

Inda ake samun saɓani

Babbar alamar da ake dubawa ita ce sanƙarewar wuya. Sai dai da hannu ake gwada ta, yaron da ya firgita kuma kan ƙanƙame jikinsa. Ma'aikaci ɗaya na iya cewa wuyan ya sanƙare, wani ya ce lafiya lau. A jarirai ma alamar ba ta cika bayyana ba.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro. To amma a yankin da cutar ta zama ruwan dare, ana iya samun ƙwayarta a jinin yaron da sanƙarau ne ke cinsa. Wanda ya tsaya a kan gwajin kaɗai zai sallame shi, wanda ya zurfafa bincike kuwa zai nemi a ɗebi ruwan lakarsa.

Akwai kuma giɓi a ƙa'idar kanta. Tsarin kula da cututtukan yara da hukumar ta fito da shi tare da UNICEF a shekarun 1990 ya zayyana alamun haɗari, wato jijjiga, da amayar da komai, da kasa sha, da fita hayyaci. Sai dai ya tsaya ne ga 'yan ƙasa da shekara biyar, alhali yaron da zai iya bayyana ciwon kansa sau da yawa ya wuce haka.

Darasin baya

A annobar 1996 mutane fiye da 11,000 suka mutu a Najeriya. A 2017 kuma nau'in C na cutar ya hallaka sama da 1,100, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa, tare da Zamfara da Sakkwato.

A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar. Duk da haka akwai wasu ƙwayoyin da ke haddasa sanƙarau waɗanda allurar ba ta shafa ba.

A watan Afrilun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan gano sanƙarau da jinyarsa, inda ta jaddada gaggauta fara magani.

Abin jira a gani shi ne ko ƙa'idojin za su isa ƙananan asibitocin karkara, ta yadda jami'in da ke Ɗanja da likitan da ke asibitin koyarwa na Shika a Zariya za su yi wa yaro tambayoyi iri ɗaya, su rubuta amsa a takarda iri ɗaya, su kuma yanke shawarar tura shi gaba kafin lokaci ya ƙure.