Filin Mata: In Murfin But Ya Ƙi Rufuwa

Yau zancenmu na mota ne. Kada wata ta ce wannan aikin maza ne, gama kayan da ke cikin but galibi namu ne, yaran da ke kujerar baya kuwa mu muka haife su.

Ran Asabar ɗin da ta wuce muka ɗauki garar 'yar ƙanwata za mu kai Batagarawa. Aka cika but da buhun shinkafa da kwallaye da tabarmi. Aka danna murfi, ya ƙi kamawa. Direba ya buga shi sau uku, ya ce ai ya kama. Muna isa Ƙofar Kwaya, za mu kama hanyar Dutsin-Ma, sai muka faɗa wani ɗan rami, murfi ya ɗage, kwallar alkaki ta yi tsalle ta kife a titi. Allah ya kiyaye mai babur da ke bayanmu. Da muka duba, ashe gefen tabarma ne ya shiga bakin makulli. Abin da yatsa biyu za su cire, shi ya sa muka isa gidan surukai da rabin alkaki.

To, ga yadda abin yake. Makullin but baki ne mai harshe, akwai kuma wani lanƙwasasshen ƙarfe da yake cafka. In ɗayansu ya sami matsala, ko kin wuni kina bugu ba zai rufu ba, sai ma ki lanƙwasa murfin.

Da fari, duba ko wani abu ya tokare: bakin buhu, ko igiya, ko robar nan da ta kewaye bakin but ta zame daga mazauninta. In ita ce, mayar da ita da yatsa.

Na biyu, duba harshen makulli. Sau da yawa yakan rufe kansa alhali murfi yana sama, watau kamar ƙofar da aka zura wa sakata tun ba a turo ta ba. Sai ki murɗa mabuɗi, ko ki ja hannun nan da ke kusa da kujerar direba, harshen ya saki. Ki tabbata kuma hannun ya koma wurinsa, don in ya maƙale a sama makulli ba ya riƙewa.

Na uku, ƙura. Mu a Katsina mun san aikin hunturu. Ƙura takan haɗu da tsohon giris ta daskare. Tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir sun isa wanke shi. A goge da tsumma, sa'an nan a shafa sabon giris kaɗan. Kada a ɗiga man gyaɗa, gama yana yin danƙo.

Na huɗu, in ƙarfen da ake cafka ya goce, galibi kusoshi biyu ke riƙe da shi. Mai gida ya zana wurinsa da fensir, ya sassauta da sifana, ya gusa shi kaɗan, ya ɗaure. Amma in murfin ne ya karkace saboda yawan lodi, a kai wa mai gyaran jikin mota.

Abin da ya fi ɓarin alkaki muni shi ne hayaƙi. A cikin hayaƙin salansa akwai wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari. In but yana buɗe, iska takan jawo ta cikin mota, waɗanda ke baya su fara shaƙa. Alamarta ciwon kai da jiri da gyangyaɗi. In yaro ya yi lamo haka, a tsaya, a fitar da shi ya sha iska, a kai shi asibiti. Ɗaure murfi da igiya dabarar isa gareji ce kawai, ba ta tafiya Dutsin-Ma ba.

Ku kuma 'yan makaranta, ku hana ƙannenku wasan ɓuya a cikin but. Makullin da ya ƙi kamawa jiya yana iya kamawa yau, zafin rana kuwa ba ya jira. A Amurka, tun Satumba 2001 doka ta tilasta a sa wani ɗan hannu a cikin but mai haske a duhu, wanda in an ja shi murfi ya buɗe. In motar gidanku daga can ta zo, ku neme shi, ku nuna wa yara.

Saboda haka, 'yar'uwa, kafin ki shiga mota ki kama murfin ki ɗaga shi da hannunki. In ya biyo ki, a sauke kaya a duba, ko da 'yan biki suna ta kira.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.