Kafin Ka Sayi Kwamfutar Ajiya, Ka Fara Lissafin Wuta

Akwai wata shawara da ke yawo tsakanin malamai da iyaye a Yamai, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a taka mata birki. Idan mutum ya ce yana son kwamfutar da za ta zauna a gida ta zama rumbun takardu da hotuna, wadda wayoyin gidan za su riƙa shiga ta wifi, sai a ce ya nemi ƙatuwar tsohuwar kwamfuta irin wadda ake saukewa daga Turai, mai furosesa i7, mai katin hoto na 'yan wasan gem, wai ƙarfi shi ne komai. Masu gyara na faɗin haka domin ita ce jibge a shagunansu. Samarinmu na faɗin haka domin abin da suka gani ke nan a YouTube, inda wani bawan Allah a Jamus ko Amurka ke harhaɗa tasa cikin ɗaki mai sanyi, ga wutar da ba ta ƙiftawa. Ni ina ganin wannan shawara ɓarnar kuɗi ce, kuma takan kai ga asarar abin da aka so adanawa.

Buƙatar rumbun kam gaskiya ce. Malami na da shirin darussa na shekaru, da tsofaffin tambayoyin BEPC da BAC, da makin ɗalibai. Uba na da hoton takardun haihuwa, da takardun sakamako, da na fili, da hotunan suna da biki. A yau yawancin wannan yana cikin WhatsApp ne, a waya guda da za a iya fizgewa a Katako da rana tsaka. Google na ba da giga 15 kyauta, amma sai da intanet za ka taɓa kayanka, kuma kowa ya san yadda kuɗin data ke cin albashi. Rumbu a gida ba ya cin data. Har ma za a iya zuba masa Kiwix, yara su karanta Wikipedia ta Hausa da ta Faransanci ba tare da an sayi ko mega ɗaya ba.

To amma rumbu na'ura ce da ba a kashewa. Nan ne lissafin masu "ƙarfi" ke rushewa. Tsohuwar kwamfutar tebur mai katin hoto takan ci wajen wat 80 ko da tana zaune ba ta komai. A wata ɗaya, kusan kilowat-awa 58 ke nan a kan mita. Ƙaramar kwamfuta mai furosesa Intel N100, ko Raspberry Pi, haɗe da faifan ajiya biyu, ba ta cika wuce wat 15 zuwa 20 ba, wato kilowat-awa 11 zuwa 15 a wata. Idan wuta ta tafi fa? Batirin sola na gida mai volt 12 da amfiya-awa 100, idan irin na dalma ne, rabinsa kawai ya kamata a sha, wajen wat-awa 600. Ƙaramar za ta kwana ta wuni a kansa har da ragi. Ƙatuwar ba za ta kai awa takwas ba, kuma a lokacin ta riga ta shanye rabon fanka da fitilar da yara ke karatu da ita.

Ba sai na tunatar da mazaunin Yamai abin da ya faru a watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan, saboda takunkumin CEDEAO. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki, amma duk wanda ya yi Afrilu da Mayu a garin nan ya san buƙata kan fi wutar da ake da ita. Faifan ajiya mai juyawa ba abin da ya tsana kamar a ɗauke masa wuta yana cikin rubutu. Saboda haka abu na farko a jerin sayayya shi ne abin riƙon wuta: ko dai akwatin nan da 'yan kasuwa ke kira ondiler, ko batir da na'urar daidaita ƙarfin wuta. Idan ondiler ce, a nemi mai bakin USB, domin ita ce za ta sanar da kwamfuta batir ya kusa ƙarewa, ta kashe kanta cikin tsari.

Batun RAM gajere ne. Giga 4 ya ishi OpenMediaVault, manhajar kyauta da ke mayar da kwamfuta rumbu. Mai son TrueNAS sai ya tanadi giga 8 zuwa sama. Shi ke nan.

Faifan ajiya ne ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne rumbun, sauran kayan duk masu yi masa hidima ne. Abin takaici, nan ne mutane ke ƙwauro. Za ka ga an zuba kuɗi a furosesa, sannan aka sayo faifai kwance da aka ciro daga kwamfutar wani ofis a ƙasar waje, ba wanda ya san shekarunsa. Alhali faifai na faɗin shekarunsa da bakinsa. Kowane faifai yana riƙe da lissafin da ake kira SMART, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo na nuna awowin da ya yi a kunne da gurabun da suka lalace. Shekara guda awa 8,760 ce. Faifan da ya nuna awa 40,000 ya haura shekara huɗu da rabi yana juyi dare da rana. Mai shagon da ya hana ka duba wannan a gabansa ya riga ya ba ka amsa.

Sannan sabo ma ba duka ɗaya ba ne. Akwai faifai mai tsarin rubutu na CMR, akwai na SMR, wanda ke jera layukan rubutu suna hawan juna kamar kwanon rufi don ya ci kaya da yawa a farashi mai sauƙi. Irin wannan yakan yi nauyi ƙwarai idan aka daɗe ana rubutu a kansa, musamman lokacin da ake sake kwafe faifan da ya mutu. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu faifan WD Red na SMR ne ba a bayyana ba, har kamfanin ya ware WD Red Plus a matsayin na CMR. IronWolf na Seagate shi ma CMR ne. A nemi biyu masu girma ɗaya, a haɗa su su zama madubin juna, duk abin da aka rubuta a ɗaya ya shiga ɗayan. Tera 2 sau biyu ya fi tera 8 tilo, kuma ban ga gidan malamin da takardunsa suka cika tera 2 ba, sai dai in fina-finan Kannywood ne suka cika shi.

Zafi da ƙura kuwa, masu bidiyon Turai ba su san da su ba. Kamfanoni kan rubuta iyakar zafin faifai wajen digiri 60, ɗakin kwano a Yamai kuma yakan haura 40 tun kafin a kunna komai. Faifai biyu a matse cikin akwati marar iska za su ƙara nasu a kai. Akwati mai babbar fanka a gaban faifan, da ragar tare ƙura wadda ake cirewa a wanke, ya fi mini kowane akwati mai fitilu masu launi. A ɗora shi a kan kanta, nesa da ƙasa da taga, kuma idan hunturu ya shigo da hazonsa a riƙa share ragar kowane mako.

Na san abin da za a ce: ai babbar kwamfuta ta fi sauri, kuma tsohuwa ta fi araha. Saurin me? Bakin waya na gigabit guda, wanda kusan kowace ƙaramar kwamfuta ke da shi, yana kwashe mega 110 a daƙiƙa. Wayar hannun da ke shiga ta wifin gida sau da yawa ba ta ma kai haka. Ɗalibin da ke buɗe tambayoyin lissafi na bara ba zai taɓa gane ko i7 ce ko N100 ke bayansa ba. Arahar kuma ta ranar saye ce kawai, mita na karɓar cikon kowane wata. Wanda yake da tsohuwar laftof a gida ma, ita ta fi ƙatuwar dacewa, tunda cin wutarta kaɗan ne kuma tana ɗauke da batirinta.

Akwai kuma ƙaryar da ta fi ba ni haushi, wai idan kana da faifai biyu ka gama tsaro. Madubi yana kare ka ne daga mutuwar faifai ɗaya kawai. Idan yaro ya goge fayil, ya gogu a duka biyun. Idan tsawa ta biyo waya, ko ɓarawo ya sungumi akwatin, duka sun tafi tare. Ruwa ma haka. A 2020 kogin Isa ya ɓalle ya shiga Lamorde da sauran unguwannin ƙetaren gada, a 2024 kuma ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Iyalai da yawa sun fito da rayukansu, takardunsu sun zama kunu. Don haka a cikin kuɗin da aka ware, a bar na faifai na uku, ƙarami mai USB. Kowane ƙarshen wata a kwafe rumbun a kansa, a cire shi, a kai shi gidan ɗan'uwa a wata unguwa mai tudu.

'Yan'uwana malamai, makin 'ya'yan mutane da takardun haihuwarsu amana ce a hannunmu. A sa wa rumbun kalmar sirri, a ware wa yaran gida nasu ɓangare daban da na takardun aji, kuma kada a yarda mai gyara ya buɗe shi ga intanet don kawai a riƙa shiga daga waje.