Kishin Ƙasa Daga Bakin Famfo Yake Farawa

Daga ɗaliban ajin ƙarshe

Kowace ranar Litinin da safe, da zarar an buga ƙararrawa, mukan jeru aji-aji a filin taro. Bayan waƙa da karatun Maganar Allah da addu'a, sai a ɗaga tuta, mu ƙame, mu rera taken ƙasa, mu kuma ɗauki alkawarin bauta wa Nijeriya da gaskiya. Mu da muke barin makaranta bana mun yi shekara shida muna yin haka. A watan Mayu na 2024 ma, da gwamnati ta komo da tsohon taken da aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978, sai da muka sha wahalar haddace shi, malamai da ɗalibai duk muna ta in'ina. To, yanzu da za mu tafi, ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: shin wannan tsayuwa da muke yi a ƙarƙashin tuta tana da wata dangantaka da yadda muke zama daga Talata zuwa Lahadi?

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana, wani ƙaramin abu ne da ya faru a nan cikin makaranta. Akwai wani famfo a bayan ɗakin kwanan maza wanda kansa ya lalace tun farkon shekarar karatu. Roba ce kawai ta cinye, ruwa yana ta zuba dare da rana. Babu wanda bai gani ba, babu kuma wanda ya kai rahoto. Ranar 1 ga Oktoba muka goge takalma, muka sa fararen kaya, muka bi ta cikin caɓin da famfon ya yi, muka tafi fareti. Da aka shiga bazara ruwa ya ja baya, tanki ya daina cika, sai ga mu da bokitai tun da asuba muna neman ruwa a rijiyoyin unguwa, har wasunmu suna makara zuwa sujadar safe. Ranar da aka kira mai gyara, bai yi minti goma ba ya gama, kuɗin robar kuwa bai kai na burodi guda ba. Da aka tambaye mu dalilin da ya sa muka yi shiru, amsar kowa ɗaya ce: “Ai ba nawa ba ne, na makaranta ne.”

’Yan’uwa, wannan amsa ita ce ciwon ƙasarmu. Abin da ke na kowa, mun mai da shi abin da ba na kowa ba. A ganinmu, kishin ƙasa shi ne mutum ya riƙe abin da jama'a suka mallaka tare kamar yadda yake riƙe nasa na gida. Idan haka ne kuwa, ba abin da ya fi shi shafar zamanmu na yau da kullum, gama kowace rana muna shan ruwan jama'a, muna bin hanyar jama'a, muna zama a kan bencin jama'a.

“Me ƙasar ta yi mini?”

Da muka yi muhawara a kan wannan batu a aji, ba kowa ya yarda ba. Wata ’yar ajinmu ta miƙe ta ce mahaifinta ya yi shekara 35 yana koyarwa, yau ga shi yana yawon bin fanshonsa daga wannan ofis zuwa wancan. Wani ya ce danginsa sun bar ƙauyensu da gonakinsu saboda ’yan bindiga. Wani kuma ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin motar zuwa gida hutu ya zama abin da ake yi wa taron iyali, ga yayansa ya gama jami'a yana zaune ba aiki. Suka ce, ƙasar da ta yi musu haka, da wane baki za a ce su yi kishinta?

Ba mu raina wannan magana ba, domin gaskiya ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma muna roƙo a bambanta abu biyu, wato ƙasa da gwamnati. Daga 1960 zuwa yau an yi gwamnatoci iri-iri, na farar hula da na soja, kowace ta zo ta wuce. Gona tana nan, kasuwa tana nan, maƙwabta suna nan. Wanda ya ce ya yi fushi da ƙasa, don haka zai zuba shara a kwata, wa ya hukunta? Mai mulki ba zai ma ji labari ba. Tsohuwar da ruwa zai shiga ɗakinta a watan Agusta ita za ta kwana a tsaye. Wanda ya sace wayar lantarki, ɗan unguwarsu ne zai yi karatu da fitilar hannu. Haka kuma ma'aikacin da ya ɓoye fayil ɗin wancan malami mai ritaya har sai an ba shi na goro, shi ma wata rana ɗalibi ne, ya tsaya a ƙarƙashin tuta kamar mu. Rashin kishinsa ne yake wahalar da mahaifin ’yar ajinmu. Ashe ke nan abin da muke kuka da shi, shi ne babban dalilin da ya sa muke bukatar kishin ƙasa.

“Ai mu baƙi ne a duniya”

Akwai kuma wata magana da mukan ji a tsakanin masu bi, cewa tun da gidanmu na sama ne, ba ruwanmu da sha'anin ƙasa. Gaskiya ne mu baƙi ne, amma baƙon kirki ba ya ɓata masaukinsa. A sura ta 29 ta littafin Irmiya, annabin ya aika wa mutanen Yahuza da aka kwashe zuwa Babila wasiƙa, ya umarce su su gina gidaje, su yi shuka, su nemi alherin birnin su kuma yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da lafiyarsa. Wannan fa ƙasar waɗanda suka ci su da yaƙi ce. Ina ga ƙasar da aka binne cibiyarmu?

Mu dubi Nehemiya. Yana zaune cikin daula a fādar Farisa, shi ne mai miƙa wa sarki abin sha. Da ya ji garun Urushalima a rushe yake, sai ya bar wannan matsayi ya koma gida. Wanda ya karanta sura ta 3 zai ga yadda aka raba aikin: firistoci, da maƙeran zinariya, da masu yin turare, da ’yan kasuwa, har da wani shugaba tare da ’ya’yansa mata, da yawansu kuwa sun gyara sashen da ke daura da gidajensu ne. Manyan Tekowa sun ƙi sa hannu, amma talakawansu ba su ce sai manya sun fara ba, suka kama aiki. Cikin kwana 52 aka gama garun. Nehemiya kansa ya yi shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ya cancanci gwamna ba, saboda ya ga nauyin da ke kan jama'a. Darasi biyu ne a nan, ɗaya na shugabanni, ɗaya namu: babba ya ji tausayin na ƙasa da shi, kowa kuma ya gyara abin da ke ƙofar gidansa.

Aikin mutum ɗaya

Kada wani ya ce wannan labarin dā ne. A watan Yuli na 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas da rashin lafiya, aka kai shi asibitin da Dokta Ameyo Stella Adadevoh take aiki. Ta yi zaton cutar Ebola ce. Aka matsa mata ta sallame shi domin ya halarci wani taro a Kalaba, ta ƙi. Cutar ta kama ta, ta rasu ranar 19 ga Agusta na shekarar. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da Ebola. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, alhali a Gini da Laberiya da Saliyo cutar ta kashe fiye da mutum 11,000. Wannan baiwar Allah ba ta hau mumbari ta yi jawabi ba. Aikinta na kullum ta yi yadda ya kamata, a ranar da yin hakan yake da tsada. Da ta ce “ai ba nawa ba ne,” Allah kaɗai ya san gidajen da za su yi makoki.

Malamanmu sun ba mu labarin Yaƙi da Rashin Ɗa'a da gwamnatin soja ta ƙaddamar a 1984. Sun ce a lokacin kowa yana bin layi a tasha da banki, ana share gari, ma'aikata suna zuwa ofis da wuri. Amma da gwamnatin ta faɗi a 1985, sannu a hankali aka koma gidan jiya. Me ya sa? Domin tsoron bulala ne ya tsayar da mutane a layi. Mu ma mun san haka: ajin da ke yin shiru don shugaban ɗalibai yana tsaye a ƙofa, yana juya baya surutu zai tashi. Kishin da zai daɗe sai wanda ya fito daga zuciya, wanda mutum zai yi ko ba mai ganinsa sai Allah.

Kishi dabam, fahariya dabam

Ba laifi ba ne mu yi murna da ƙasarmu. Iyayenmu har yau suna ba da labarin daren da ’yan wasanmu suka ci Ajantina 3 da 2 suka ɗauki zinariya a gasar Olamfik ta 1996, yadda aka fito tituna ba mai tambayar yaren wani ko addininsa. Amma murnar ƙwallo ta dare ɗaya ce. Mai fahariya yakan ce ƙasarsa ta fi kowace, ya ƙi jin laifinta. Mai kishi kuwa yana ganin laifin, yana faɗa, yana kuma sa hannu a gyara, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma ƙasar da muke magana a kai ta dukanmu ce, Kirista da Musulmi, ɗan Arewa da ɗan Kudu. An kafa shirin bautar ƙasa a 1973, bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, domin matasa su san juna. Yadda muke karɓar ɗan bautar ƙasa da aka turo ya koya mana lissafi, ko muna girmama shi ko muna yi wa Hausarsa dariya, shi ma awo ne na kishinmu.

Abin da ke ƙofar gidanmu

To, mene ne namu sashen garun? Ga kaɗan daga ciki. Mu rufe famfo, mu kashe wuta idan mun fita daga aji, mu kai rahoton abin da ya lalace. Mu daina sassaƙa sunayenmu a kan tebur da yage shafi daga littafin laburare, domin ƙannenmu suna tafe. Mu bi layi a ɗakin cin abinci, babba kada ya ture ƙarami. Fiye da duka, mu guji satar jarrabawa. Wanda ya ci jarrabawa da satar amsa, gobe shi ne ma'aikacin jinyar da zai yi wa mahaifiyar wani allurar da ba daidai ba, ko injiniyan da gadarsa za ta rufta. Waɗanda suka kai shekara 18 a cikinmu su yanki katin zaɓe, kada kuma su sayar da ƙuri'arsu saboda taliya da sabulu.

Ga iyayenmu da dattawan ikilisiya, muna roƙo da ladabi: abin da muka gani a gida shi muke ɗauka. Idan yaro ya ji ana yabon wanda ya yi arziki da dukiyar jama'a, ana ba shi kujerar gaba ran Lahadi, wa'azin gaskiya zai yi wuyar shiga kunnensa. Ga malamanmu, mun gode da kuka tsaya da mu duk da ƙarancin albashi. Kun koya mana kishi ba tare da kun rubuta shi a allo ba.

Ga ƙannenmu da muke bari, laifi tudu ne, mun taka namu mun daɗe muna hango na wasu. Mun bar famfo yana zuba wata da watanni, muka sha wahalar da muka jawo wa kanmu. An gyara shi yanzu, yana nan a bayan ɗakin kwana. Amanarsa tana hannunku.

Allah ya albarkaci makarantarmu, ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ba ƙasarmu Nijeriya salama. Amin.