Hoton Tsuntsu Ya Fi Gawarsa Amfani

A 'yan shekarun nan waɗansu samari sun shiga yawo da na'urar ɗaukar hoto a gindin duwatsun Dutse da cikin gonakin dabino, har akwai masu kaiwa fadamar Baturiya. Dattawa da dama suna cewa rashin aikin yi ne. Lalle ba su yi musu adalci ba.

Hoto yakan tsai da abin da ido ya wuce. A dubi saƙar gizo-gizo da asuba, sa'ad da raɓa ta kwanta mata. Ashe zare iri biyu ne. Wanda ya miƙe daga tsakiya ba shi da danƙo, shi ne hanyar mai gida. Wanda ya kewaya kuwa shi ke riƙe ƙuda. Da yawansu ma sukan cinye tsohuwar saƙa kafin su ɗaura sabuwa. Almajiri nawa ne ya wanke Suratul Ankabuti a allo bai taɓa tsugunawa ya duba wannan ba? Haka farin furen bado, da dare yake buɗewa, hantsi na yi ya rufe, sai mai sammako ke samunsa.

Shamuwa da ke sauka gabanin damina, da rani kudancin Afirka take tafiya, abincinta kuwa fara da tsutsa, watau ma'aikaciyar manomi ce ba lada.

Amma babbar magana ita ce ungulu. A tambayi tsofaffin mahautan kasuwar Shuwarin yadda take cika mahauta a da, sa'an nan a ƙirga ta yau. A 2015 masana na duniya suka sa irin ungulun ƙasar nan cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Daga cikin dalilai akwai guba, akwai kuma cinikin kawunanta da ƙwanta domin tsibbu. Alhali cikinta yana narkar da mushe tare da mafi yawan cutar da ke jikinsa. Mutanen Indiya sun ɗanɗana rashinta. Cikin shekarun 1990 wani maganin shanu ya kashe mafi yawan ungulayensu, mushe ya koma hannun karnuka, cizon mahaukacin kare ya yawaita.

Hukuncin hoton abu mai rai, malamai sun yi saɓani a kansa, ba nan ne wurin warware shi ba. Kashe dabba ba gaira ba dalili kuwa, wannan babu mai halatta shi.

Saboda haka ya kamata sarakunan kasuwa su hana baje kan ungulu a rumfuna, ko da mai saye ya ninka kuɗi. Malaman tsangaya kuma su hana yara harbin sheƙa, musamman da farkon damina lokacin da shamuwa ke kwanci bisa ƙwai. In yaro ya ga sheƙa, ya kai labari ga masu hoton nan, su zo su ɗauka daga nesa.