Dajin Alberta da Ƙidayar da Ke Ruɗar Ido

Dajin boriyal, wato dajin sanyi na arewacin Kanada mai itatuwa masu ganye kamar allura da fadamu masu gansakuka, ya lulluɓe yashi mai haɗe da kwalta a lardin Alberta, kusa da garin Fort McMurray, inda ake tatsar mai tun shekarar 1967. Hankalin jama'a yakan tsaya kan ramukan haƙa da tafkunan dagwalo, musamman tun da agwagi kimanin 1,600 suka halaka a ɗaya daga cikin tafkunan a 2008, amma ɓarnar da ta fi yaɗuwa ita ce ta siraran layukan da ake sarewa domin binciken ƙarƙashin ƙasa, waɗanda suka yayyanka kurmin gunduwa-gunduwa. Rana tana kutsawa ta waɗannan layuka, baƙin ciyayi da hankaki su biyo baya, har jimillar nau'o'in halittun da aka ƙirga ta ƙi raguwa, alhali mazauna tsohon kurmi suna ja da baya. Tsuntsun tanderu, wanda ke gina rufaffiyar sheƙarsa a ƙasa cikin busassun ganye da ƙofa a gefe, misali ne na waɗannan mazauna, kuma ban da layukan, namijinsa yana shan wuyar samun mace a kusa da ƙarar injinan tura iskar gas. Saboda haka yawan nau'i kaɗai ma'auni ne mai rauni, kuma ko da yake dokar lardin ta wajabta wa kamfanoni gyara ƙasar da suka haƙa, dashen itace a kan tudu ba ya mayar da fadamar da gansakukarta ta shafe dubban shekaru tana taruwa.